Layin Amurka a Damagaram: yadda kiran Wi-Fi ya ɓace bayan sauya waya, da yadda ya dawo

Mai lamarin da layinsa

Mutumin da wannan lamari ya shafa dattijo ne ɗan Damagaram, ya ba hamsin baya. Ya yi shekaru yana tuƙin mota a Amurka, daga baya ya tattaro ya dawo gida, ya gina gidansa a bakin gari, yana kasuwancin kayan gyaran mota. Za mu riƙa ce masa Alhaji kawai, yadda ake kiransa a unguwa.

Dawowar ba ta raba shi da can ba. 'Ya'yansa biyu suna karatu a Amurka, asusun bankinsa na can yana nan, kuma dillalin da ke tura masa kaya ba ya kiran kowace lamba sai ta Amurka. Duk waɗannan harkoki a rataye suke da lamba ɗaya, wadda ya riƙe tun yana tuƙi. In zai tura wa yaran kuɗin makaranta, banki sai ya aiko da lambar sirri ta gajeren saƙo zuwa wannan layin. In wata matsala ta taso, lambar bankin ta kyauta ake kira, irin mai farawa da 800, kuma WhatsApp ba ya kiran irin wannan lamba.

Layin na biya-kafin-amfani ne, kuma tsarin da yake kai ba ya ɗaukar rezon ƙasashen waje. Wato a Nijar sim ɗin ba ya hawa Airtel, ba ya hawa Moov, ba ya hawa Zamani ko Niger Telecom. Abin da ya rayar da shi a Damagaram shi ne kiran Wi-Fi: wayar tana bi ta intanet ɗin gida ta isa kamfanin layin, sai kira da saƙo su shigo kamar mutum yana zaune a can. Alhaji ya kunna shi tun kafin ya baro Amurka, a kan wayar da ya saya hannun kamfanin layin da kansa, bai sake waiwayarsa ba.

Intanet ɗin gida ƙaramin akwati ne mai sim na 4G, a ajiye a falo bayan talabijin. Harkokin gida kuwa, da kira da WhatsApp, wata ƙaramar waya daban ke ɗauke da su.

Farkon Afrilu: ranar sauya waya

Zafin bazara ne ya kawo ƙarshen tsohuwar wayar. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Damagaram yakan haura 40, ita kuma wayar ta tsufa, kullum a jikin caja. Batirin ya kumbura har ya ɗago gilashin daga gefe ɗaya, ana iya zura farce a tsagar. Wata safiya ta ƙi kunnuwa.

Ranar Alhamis, ranar cin kasuwar Dole, Alhaji ya je ya sayi sabuwa dal a kwali, mai gurbin sim biyu, da niyyar haɗa layin gida da na Amurka wuri guda ya huta da ɗaukar waya biyu. Mai shagon ya zura duka biyun, ya kwafe masa lambobi da hotuna, ya miƙa masa. Layin gida ya cika sanduna. Na Amurka ya nuna babu rezo, amma wannan bai tayar wa Alhaji da hankali ba, don a kan hanya haka ya saba gani. Sai ya shiga gida Wi-Fi ya kama, sannan sunan kamfanin yake fitowa a saman gilashi.

Ya shiga gida, ya saka kalmar sirrin Wi-Fi. WhatsApp ya buɗe, hotuna suka sauka. Layin Amurka bai motsa ba. Da dare ya gwada tura kuɗi, banki ya ce ya aika lambar sirri, har wa'adinta ya ƙare babu abin da ya shigo.

Mako na farko: abubuwan da aka gwada

Wanda ya fara kama aikin ɗan ƙanwarsa ne, ɗalibi a jami'ar garin. Ya kashe wayar ya kunna. Ya sa ta a yanayin jirgin sama, ya kunna Wi-Fi shi kaɗai. Ya cire sim ɗin ya goge shi da gefen riga, ya mayar da shi gurbi na ɗaya, na gida ya koma na biyu. Ya duba agogo da kwanan wata ya tarar daidai suke. Sannan ya shiga saituna yana neman wurin kunna kiran Wi-Fi, wanda a wayar da ke kan Faransanci ake rubuta shi Appels Wi-Fi. Ya duba ƙarƙashin sim, ya duba cikin manhajar kira, ya rubuta a wurin bincike. Babu shi.

«Kawu, maɓallin ma babu shi a wayar nan,» in ji shi.

Wannan ita ce alama mafi girma a lamarin gaba ɗaya, amma a ranar ba wanda ya tsaya a kanta. Hankali ya koma kan intanet. Alhaji ya ce dama akwatin ya fara nauyi kwanan nan, ƙila shi ne. Aka gwada gudunsa da yamma, ya ba da tsakanin megabit huɗu da shida. Aka zuba masa sabon kuɗin data, aka kashe shi aka kunna. Alhaji har ya fara tambayar farashin Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma wasu shaguna da ofisoshi a gari sun riga sun ɗora farantinsa. Kafin ya kashe wannan kuɗin, yaron ya ɗauki wayar ya kai ta wani wurin da ke da shi. Intanet yana gudu kamar me, layin Amurka yana nan a mace, maɓallin bai fito ba.

Daga nan yaron ya sauke manhajar VPN, ya zaɓi Amurka, da tunanin in wayar ta yi kama da tana can layin zai farka. Bai farka ba. Ya sauke wata manhajar da aka ce tana tono maɓallin da aka ɓoye. Ta buɗe wani shafi, maɓallin ya bayyana a dushe, ana taɓa shi ba ya amsawa.

A rana ta huɗu aka kai ta wurin mai gyara a bakin kasuwa. Ya fara da share saitunan rezo, abin da ya goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da aka saka. Da bai yi ba, sai ya mayar da wayar gaba ɗaya yadda ta fito daga kwali. Aka sake zaman kwafe lambobi, wasu saƙonnin murya na kwanakin nan suka tafi ba dawowa. Ya karɓi jika biyu, ya ce saura abu ɗaya, a yi mata filashin, a ɗora mata manhajar wata ƙasa. Alhaji ya tambaye shi ko ya tabbata za ta yi. Ya ce tabbas sai Allah, kuma in ta mutu a hannunsa ba zai biya ba. Alhaji ya karɓi wayarsa ya tafi.

Mai gyaran ya kuma ce ƙila sim ɗin ne ya ƙone. Wannan maganar ce ta hana Alhaji barci, don sabon sim sai an aiko daga Amurka, kuma shiga shafinsa na kamfanin don neman sabon ma sai da lambar sirri, wadda za a aiko ta layin da ya mutu. Kuɗin makarantar yaran kuwa ƙarshen wata ne wa'adinsa.

Mako na biyu: an koma kan tsohuwar waya

Wani abokin kasuwancinsa ne ya haɗa shi da mai gyara na biyu, matashi mai haɗa Wi-Fi a gidaje da ofisoshi. Bai taɓa sabuwar wayar ba sai da ya yi tambayoyi: yaushe layin ya yi aiki na ƙarshe, a kan wace waya, a kan wane Wi-Fi, me ya canja tun daga ranar. Amsar ita ce sim bai canja ba, akwatin gida bai canja ba, gidan bai canja ba. Waya kaɗai aka sauya.

«Alhaji, ina tsohuwar take?»

Tana cikin aljihun tebur, an naɗe ta a leda. Ya ce a kawo ta. Batirin da ya kumbura abu ne mai haɗari, ba a caja shi ba a kuma matsa shi, don haka ya cire shi a hankali ya ajiye cikin gwangwanin yashi a waje. Ya samo wani na hannu da ya dace, ya ɗora, ya riƙe gilashin da roba. Wayar ta kunnu, da baƙin tabo a kusurwa ɗaya da layuka a tsaye, amma ana iya karanta rubutu. Ya zura sim ɗin Amurka, ya haɗa ta da Wi-Fi ɗin shagonsa. Ba a yi minti biyu ba sunan kamfanin ya fito a sama, saƙonnin banki da suka maƙale suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin nan ɗaya ya rufe ƙofofi uku: sim ɗin lafiya lau yake, layin ba a rufe shi ba, kuma intanet ɗin Damagaram yana iya ɗaukar kiran. A daren aka kai tsohuwar wayar gida, ta kama a kan akwatin falo ma, Alhaji ya tura kuɗin makaranta.

Washegari mai gyaran ya zauna da sabuwar. Ya danna *#*#4636#*#* a wurin buga lamba, wanda a wayoyin Android da yawa yake buɗe shafin gwaji, ya duba matsayin sim ɗin Amurka a IMS, wato tsarin kamfanin layi da ke ɗaukar kira da saƙo. Ya nuna ba a yi rajista ba, kiran murya ta Wi-Fi kuma babu.

Ga bayanin da ya yi wa Alhaji, kuma yana da kyau a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗaukar kiran Wi-Fi da kiran WhatsApp abu ɗaya ne. WhatsApp manhaja ce, kowace waya ta sauke ta za ta yi aiki, ba ruwanta da sim. Kiran Wi-Fi kuwa na kamfanin layi ne. Wayar tana duba lambobin da ke cikin sim, na ƙasa da na kamfani, ta nemo ƙofar da kamfanin ya tanada a intanet, wadda injiniyoyi ke kira ePDG. Sai ta haƙa rufaffiyar hanya zuwa can da tsarin IPsec, ta mashigai masu lamba 500 da 4500. Kamfanin ya tantance sim ɗin da makullin sirrin da ke cikinsa, sannan wayar ta yi rajista a IMS, tsarin da ke ɗaukar kira da saƙo a 4G. Kafin duk wannan ya faru, dole a cikin manhajar wayar a sami saitin wannan kamfanin, kuma kamfanin ya yarda da irin wayar. In babu saitin, wayar ba ta ma nuna maɓallin. Kamar baƙo ne mai riƙe da takardar gayyata ta gaskiya, amma ɗan rakiyarsa bai san ƙofar fada ba.

Ya ƙara da cewa gudun intanet ba shi ne abin dubawa ba. Kiran murya ba ya cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba. Megabit huɗun akwatin falo ya ishi kira da yawa a lokaci guda. VPN kuma a yawancin wayoyi hanyar kiran ba ta bi ta cikinsa, don haka kunna shi bai ƙara komai ba.

Kira zuwa kamfanin layi

Da tsohuwar wayar aka kira kamfanin, ta lambar 611 da layukan Amurka ke amfani da ita don neman ma'aikatansu. A watan Afrilu Nijar tana gaban gabashin Amurka da awa biyar, don haka aka bari sai bayan la'asar. Kafin kiran mai gyaran ya danna *#06# a sabuwar wayar, ya rubuta IMEI ɗinta a takarda. Lambar shaidar waya ce mai alƙaluma 15, takwas na farko su ne ke faɗin irin wayar.

Ma'aikaciyar ta duba, ta ce layin yana da izinin kiran Wi-Fi, babu bashi, babu toshewa. Da aka karanta mata IMEI ɗin, ta ce wannan samfurin ba ya cikin waɗanda tsarinsu ya sani, ba kuma abin da za ta iya turowa daga can ya gyara shi. Wayar an yi ta ne don kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Mai gyaran ya sa Alhaji ya yi mata tambaya ɗaya kafin a ajiye: in an samo wayar da suka sani, za a iya kunna kiran daga wajen Amurka? Tambayar tana da dalili, domin wasu kamfanonin can ba sa bari a kunna shi karon farko sai mutum yana cikin ƙasar. Ta ce a nasu ana iya kunnawa, muddin adireshin gaggawa yana kan layin. A Amurka ba a kunna kiran Wi-Fi sai an ba da adireshin da masu agaji za su nufa in an kira 911, tunda kiran da ya bi ta intanet ba ya nuna inda mutum yake kamar na eriya.

A zaman nan aka shiga shafin Alhaji na kamfanin, lambar sirri ta shigo tsohuwar wayar. Aka tarar adireshin da ke kai na gidan hayar da ya bari ne. Aka mayar da shi na inda 'ya'yansa suke zaune. Aka kuma ƙara adireshin imel a matsayin hanya ta biyu ta shiga shafin.

Mako na uku: waya ta biyu

Tsohuwar wayar ba ta da sauran dogon kwana. Tabon gilashin yana faɗaɗa, bakin cajarta sai an karkata igiyar cajin an danne da littafi. Aka yanke shawarar neman ta hannu, wadda aka yi don kasuwar Amurka, kuma mai ɗaukar sim na zahiri tare da na biyu.

Mai gyaran ya yi magana da wani ɗan kasuwa mai sayo waya daga Farm Centre a Kano. Sharaɗin da ya gindaya shi ne ba za a biya ko dala ba sai an turo hoton IMEI da lambar samfurin. Kamfanonin layi na Amurka suna da shafin da ake saka IMEI a ga ko waya za ta yi aiki da su. An turo uku. Ta farko shafin ya ce bai san ta ba, ko da yake sunanta da kamanninta iri ɗaya ne da wadda ake nema, lambar samfurin ce ta nuna ta wata kasuwa ce. Ta biyu a kulle take da wani kamfanin daban. Ta uku ta wuce, a buɗe take, ba a kuma sa ta cikin jerin na sata ba. Ita aka saya, da yarjejeniyar mayarwa in ba ta yi ba.

Da ta iso ba a kwafe mata komai ba tukuna. Aka haɗa ta da Wi-Fi, aka bar ta ta sauke duk sabuntawar manhajarta, aka zura sim ɗin Amurka shi kaɗai, aka kashe aka kunna. Maɓallin ya fito ƙarƙashin saitin sim ɗin. Da aka taɓa shi ya buɗe shafin sharuɗɗa ya nemi a tabbatar da adireshin gaggawa, aka tabbatar. Ya ɗan yi juyi, sunan kamfanin ya fito. Shafin gwaji ya nuna IMS ya yi rajista. Aka kira ɗan Alhaji ya ɗauka, shi ma ya kira ta yi ƙara, aka sa ya turo gajeren saƙo ya shigo. Sai bayan nan aka saka layin gida aka sake gwada ukun, domin a waya mai layi biyu kowane layi da nasa maɓallin. Aka zaɓa wa na Amurka ya fifita Wi-Fi.

Sabuwar wayar kasuwar Dole ba ta da aibin komai a kan layukan gida. Hajiya ce ta karɓe ta.

Mako na huɗu: yana yi a falo, ba ya yi a ɗaki

Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo da ƙorafi. A falo komai daidai. Da ya shiga ɗakinsa na ciki sai sunan kamfanin ya riƙa ɓacewa yana dawowa, murya tana yankewa, kuma dillalinsa ya ce ya kira da dare sau biyu ana tura shi akwatin saƙon murya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tsohuwar wayar a wannan ɗakin take kwana shekara da shekaru ba ta taɓa yin haka ba.

Mai gyaran ya je gidan da manhajar auna ƙarfin Wi-Fi. Tsakanin akwatin da ɗakin akwai bango biyu na bulon siminti da ƙofar ƙarfe. Akwatin yana watsa zango biyu ƙarƙashin suna ɗaya, na 2.4 da na 5 gigahaz. Na 5 ya fi gudu amma bango yana cinye shi, na 2.4 ya fi ratsawa. A falo wayar tana kama na 5, in an shiga ɗaki sai ta liƙe masa, ba ta sake shi da wuri. A bakin gado ma'aunin ya nuna na 5 yana wajen -80, na 2.4 yana wajen -68. A wannan ma'auni, duk lambar da ta fi kusa da sifiri ita ta fi ƙarfi, kuma wajen -80 nan ne wayoyi ke fara sakin kiran Wi-Fi. Bidiyo da WhatsApp suna iya jure irin wannan rauni don suna tara abu su jira. Kira ba ya jira. Wayar da ke da rezon kamfaninta a kusa sai ta koma kan eriya ba a ji ba, wannan kuwa ba ta da inda za ta koma.

Ya shiga saitin akwatin ya raba zangunan, kowanne da sunansa, ya sa wayar Alhaji ta manta da na 5. Ya ciro akwatin daga bayan talabijin ya kafa shi a saman bangon barandar da ke tsakanin falo da ɗakuna, inda rana ba ta dukansa. Ma'aunin bakin gado ya koma wajen -58. Ya kuma kashe tsarin tsimin batir da aka kunna ranar kwafe kaya, don yana iya sa waya ta yi sakaci da Wi-Fi in an daɗe ba a taɓa ta ba.

Saura maganar wuta. In an ɗauke ta akwatin ya mutu, layin ya mutu tare da shi. Aka sayo ƙaramin batirin ajiya na volt 12 da ake yi don irin waɗannan akwatuna. A cikin saitin wayar kuma mai gyaran ya sami wurin da ke ba layi ɗaya damar aron datar layi na biyu in babu Wi-Fi, ya kunna. Ba kowace waya ke da shi ba, ba kowane kamfani ke yarda ba, amma a nan ya yi. Alhaji ya gwada a shagonsa, inda babu Wi-Fi, saƙon banki ya shigo ta datar layin gida.

Aka sa ido mako biyu. Dillalin ya samu shiga da dare, kiran yara bai yanke ba, lambobin banki suna zuwa cikin wa'adinsu.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Matsala biyu ce a jere, ta farko ta ɓoye ta biyu. Babbar ita ce wayar farko ba ta ɗauke da saitin kamfanin layin, kamfanin ma bai san ta ba. Babu kashewa da kunnawa, babu share saiti, babu ƙarin data da zai sa mata abin da ba a gina ta da shi ba. Rashin maɓallin tun ranar farko ya riga ya faɗi haka. Duk abin da aka yi a makon farko an yi shi ne a kan intanet da sim, su kuma ba su ne suka canja ba.

A ganina mafi munin abin da aka yi shi ne mayar da wayar yadda ta fito daga kwali. An yi shi ba tare da an san abin da ake nema ba, ya ci kuɗi, ya ci saƙonni, bai koya wa kowa komai ba. Ƙin yarda da filashin kuwa daidai ne. Ɗora manhajar wata kasuwa yakan yi a wasu samfura, amma a nan kamfanin ma bai san IMEI ɗin ba, ga haɗarin kashe sabuwar waya a banza. Ban ga laifin mai shagon da ya sayar da ita ba. Ba a tambaye shi kiran Wi-Fi ba, masu sayen waya a wurinsa kuma layukan gida suke sakawa.

Abin da ya juya lamarin shi ne mayar da sim cikin tsohuwar waya. Batirin hannu ɗaya ya raba gardamar da aka kwashe mako ana yi, ya kuma buɗe hanyar kiran kamfani da shiga shafi, waɗanda dukansu a kulle suke da layin. Da an sayar da ita ko an ba yara sun farfasa, da Alhaji ya jira sim daga Amurka, ya zo ya saka shi a wayar da ba za ta karɓe shi ba. Sayen ta biyu ma ya yi kyau ne don an duba IMEI kafin biya. Biyu cikin ukun da aka turo da sun zama asara.

Matsala ta biyu ƙarama ce amma ita ce irin wadda ke sa mutum ya ce gyaran bai yi ba. Da mai gyaran bai je gidan ya auna a bakin gado ba, da an ci gaba da zargin wayar Kano.

Akwai abin da bai gyaru ba, kuma ya kamata mai irin wannan layi ya san shi. Adireshin gaggawar da ke kansa na Amurka ne, don haka ba layin neman agaji ba ne a Damagaram, na gida ake amfani da shi. Kiran lambar Nijar da shi kuma kamfanin yana lissafa shi ne a matsayin kiran ƙasar waje daga Amurka, shi ya sa aka saita wayar ta riƙa tambayar layin da za a yi amfani da shi kafin kowane kira. Bankin Alhaji har yanzu da wannan lamba ɗaya yake tantance shi. An ba shi shawara ya nemi su ƙara masa wata hanyar, ta manhajar bankin ko ta imel, ya ce zai yi in babban ɗansa ya zo hutu. Tsohuwar wayar an cire mata batirin an ajiye su daban-daban a aljihun tebur, ba za a bayar da ita ba.